Yadda za ku yi da kachala tun kafin ta cinye maku fadama

Jama'a masu noman rani a Jibiya da Ajiwa da Sabke, don Allah in kun ga kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta fara tsirowa a bakin ruwa kar ku ce ai ciyawa ce kawai. Ku tambayi mutanen Hadeja da Nguru. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 sannan na Challawa a 1992 ruwan yankinsu ya daina hawa da sauka kamar da, ya koma zaman dindindin a wasu wurare, ita kau kachala abin da take so ke nan, ta toshe hanyoyin ruwa ta kori bado da sauran ciyayin da aka sani, masunta suka rasa inda za su jefa taru, ga tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana yana fitowa yana cinye shinkafa da gero.

Abu na farko shi ne lokaci. Ku yanke ta kafin ta fitar da kan nan mai kama da zangarniyar gero, don in ya bushe ya fashe iska ce ke kwasar irin ta kai shi gonar maƙwabcinka.

Wurin yankan ne mutane ke kuskure. In ka sare ta a saman ruwa wallahi aikin banza ka yi, saiwar na nan a cikin laka tana shaƙar iska ta cikin karan, ba da jimawa ba za ta dawo. Shiga ruwan za ka yi da lauje ka yanke ta can ƙasa yadda ruwa zai rufe kututturen, ka bar shi a nutse, iska ta yanke mata, saiwar ta ruɓe. In ta sake leƙowa ka maimaita. Wuta ma ganyen kawai take ci.

Inda ruwa ya janye kuma a haƙe saiwar da fartanya a shanya ta a rana.

Kar ku bar abin da kuka yanka cikin kwalbati, ku fitar da shi tudu, ana saƙa tabarma da shi, a Senegal har gawayi suke yi da ita. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne, ku sami mai unguwa a sa ranar gayya, don in ka share naka na kusa da kai bai share ba daga wurinshi za ta dawo maka.