Yadda ake tseren ninƙaya na mita 400 ba tare da ƙarfi ya ƙare a hanya ba

Ba zan tsaya koya miki jan hannu ba, wadda ta kai ga shiga gasar firistayil, wato ninƙayar rub da ciki ana jan hannu ɗaya bayan ɗaya, ta wuce nan. Abin da ke kayar da sababbi shi ne mita 100 na farko.

Fara da sanin tafkin. Na gasar Olamfik mita 50 ne, wato kai da komo sau huɗu, juyi bakwai. In a mai mita 25 kike atisaye, juyi 15 kika saba da shi, kuma duk turin bango ɗan hutu ne a ɓoye. Ranar gasa za ki neme shi ki rasa.

Sai rabon ƙarfi. Nan ni na sha ƙasa. A gasata ta farko, ƙararrawa na kaɗawa na fita kamar an biyo ni, na riga kowa kai mita 100. Kafin 250 hannuwa sun yi nauyi kamar dutse, ƙafafu sun nutse, ina ɗaga kai ina kwankwaɗar ruwa, ina kallon kumfar ƙafafun wadda na bari a baya. Maganinsa a atisaye yake: mita 100 sau huɗu, hutun daƙiƙa 15 a tsakani, koci na riƙe da agogo. In na farko ya fi na uku sauri da sama da daƙiƙa uku, a sake. A wajena ɗari na uku ne tseren, sauran rakiya ne. Ki kalli Katie Ledecky ta Amurka, wadda ta ci zinaren mita 800 a Landan a 2012 tana shekara 15, ta maimaita a Rio da Tokyo da Paris. In ta kama tsakiyar tsere, gudunta kamar an auna da ma'auni.

Numfashi kuwa, ki fitar da iska cikin ruwa, ki shaƙa duk jan hannu biyu. Masu cewa uku su yi ta yi, ba a 400 ba. Kada ki ɓarnatar da kuɗi kan rigar tsere mai tsada tukuna, gasa kaɗan take yi ta saki.

Juyi na alkafura ne, kuma kanki ya fito daga ruwa kafin ki wuce mita 15 daga bango. Kada ki riga ƙararrawa tashi, sau ɗaya ne a kore ki. A ƙarshe ki doki allon bango da ƙarfi, in ba haka ba agogo ba zai tsaya ba.