Babi na 7: Yadda Takarda Za Ta Cika Fuskar Kwamfuta

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, da yawanku a ajinmu na yamma a Tudun Wada kun koka cewa tarkacen da ke saman Microsoft Word sun cinye wuri, takardar ta matse, ga ido ba kamar na da ba. Maganin maɓalli uku ne.

Ku fara nemo su da ido, kada ku taɓa komai tukuna. Alt yana layin ƙasa, a hagun doguwar sandar nan da ake ba da tazara da ita. V yana tsakanin C da B. U yana tsakanin Y da I.

To, ku danna Alt sau ɗaya, ku ɗauke yatsa. Ku ɗaga kai ku dubi fuskar kwamfuta. Za ku ga wasu ƙananan haruffa sun ɓullo a sama. Sai kun gan su za ku danna V, sannan U. Tarkacen za su ɓace, takarda ta baje.

A nan ake faɗuwa. Sau ɗaya na ce. Idan aka danna Alt sau biyu, na biyun ya kashe na farko, haruffan nan su ɓace. Wanda bai ɗaga kai ba sai ya ci gaba, ya tarar ya rubuta "vu" a tsakiyar wasiƙarsa. Ba abin kunya ba ne, Baba, kowa ya yi. Ku goge da Backspace, ku sake: Alt sau ɗaya, ɗaga kai, ga haruffa, V, U.

A sake. Alt. Ɗaga kai. Kun ga haruffan? Idan ba ku gani ba, kada ku taɓa V.

Makon jiya sai da na zagaya aji sau huɗu a kan wannan. Haba jama'a! Mai ƙirga canji a Kasuwar Barci ba ya miƙa kuɗi ido a rufe, me ya sa za ku danna V ba ku duba ba? Kuma ku daina jibgar maɓallin kamar ana dakan gero, taɓawa kaɗan ta isa. Wannan dabara tun ta Word 2003 ce, ta tsufa amma tana aiki, in an ɗaga kai.

Darasi na 2

Hajiya, idan tarkacen sun ɓace kina son su dawo, babu abin da ya lalace, kuma ba sai an kira yaro ba. Esc yana can ƙuryar sama ta hagu. Ku danna shi, komai ya dawo yadda yake.

Darasi na 3

Mai son rage tarkacen kawai, ya riƙe Ctrl, kada ya saki, ya taɓa F1. Haka kuma zai yi ya dawo da su. A wasu laftof sai an haɗa da maɓallin Fn. F11 kuwa a Chrome, manhajar shiga intanet, yake cika fuska, ban da Word.

Darasi na 4

Masu LibreOffice Writer, wata manhajar rubutu irin Word, ga yadda takarda za ta cika fuska: Ctrl da Shift da J, a tare. A gwada a gida.