Yadda za ka naɗi labaran tsohon sojan gidanku

Ranar da na fara ajiye waya a gaban Baba, tambayata ta farko ita ce: "Baba, ka taɓa harbe mutum a Laberiya?" Ya dube ni, ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyonsa. Sai da aka kwashe sati uku kafin ya sake yarda a yi zancen soja a gabana. Kada ka fara da wannan tambaya. Kada ma ka yi ta sam. In yana son faɗa, da bakinsa zai kawo maganar.

Abin da ya buɗe bakin nasa daga baya, lambarsa ce ta aiki. Tsohon soja zai manta inda ya ajiye tabarau, amma lambar da aka ba shi yana kurtu ba ta barin kansa. Ina tambaya sai ya gyara zama, ya zubo ta tiryan-tiryan kamar yana gaban samanja. Daga nan muka faɗa zancen horo: askin farko, takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa, kofur ɗin da ya sa su tsallen kwaɗo da rana tsaka. Ka fara daga inda dariya take, yaƙi zai biyo baya.

Sai ka roƙi a buɗe akwatin. Kusan kowannensu yana da inda ya adana takardar sallama, lambobin yabo da tsofaffin hotuna. Ka sa masa abu ɗaya a hannu, ka ja bakinka. "Wane ne wannan na hagunka?" ta fi "Yaya yaƙin ya kasance?" amfani nesa ba kusa ba. Sunayen da ya ambata, rubuta su a bayan hoton da fensir, don biro yana huda takarda.

Ka ɗan yi karatu kafin zama na biyu. Da na ce wa Baba dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrovia, babban birnin Laberiya, ranar 24 ga Agusta 1990 ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Ghana, kuma bayan an kama shugaban ƙasar, Samuel Doe, a Satumba aka kawo Janar Joshua Dogonyaro na Najeriya ya maye gurbin Quainoo, sai ya ce, "Ashe ka san wani abu." Shi daga baya aka tura bataliyarsu, yana can lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa birnin a Oktoban 1992. In naka ya fi tsufa, duba tarihin aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo na 1960 zuwa 1964, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Amma in ya rikita shekara, kada ka gyara masa. Ka rubuta daidai a littafinka, ka bar shi ya ci gaba.

Abin da ya fi komai aiki kuwa, ka nemo masa abokin da suka kwana rami ɗaya. Na sha wahala kafin na samu lambar wayar wani saja da Baba ke yawan ambata. Da ya zo, ko gaisuwa ba su ƙarasa ba suka hau kiran juna da sunayen tsokana na bariki, waɗanda ko mahaifiyarmu ba ta taɓa ji ba. Ɗaya ya ɗauko labari, ɗayan ya katse shi: "Ƙarya kake, ba kai ka ɗauki rediyon ba, ni ne!" A wannan zama na fara jin cewa sajan ne ya goyo Baba a baya, da rauni a cinya, har inda motar asibiti take. Shekara da shekaru muna ganin tabon nan, an ce mana faɗuwa ya yi. Suka zo kan sunan wani da bai dawo ba, sai duka biyun suka yi tsit. Na kai hannu zan tsayar da naɗin, na fasa. Kai ma kada ka tsayar, kada kuma ka yi gaggawar cike shirun da wata tambaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Rufe layin waya kada kira ya katse ku, ajiye ta kusa da bakinsa, ka faɗi kwanan wata a farkon kowane naɗi. Awa ɗaya ta isa, tsoho yana gajiya. Ka adana kwafi a wuri biyu, ni na taɓa rasa zama guda da wayata ta faɗa ruwa. Kafin ka tura wa kowa, ka tambaye shi. Akwai minti goma sha biyu da Baba ya ce kada kowa ya ji sai bayan ransa, suna nan yadda ya ce.

Sajan ya rasu bara. Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da mazan jiya, Baba ya ɗora hularsa ya ce in kunna masa wurin da suke gardamar rediyon. Sau uku ya sa na maido shi baya.