Yadda Ake Jan Motar da Ta Mutu a Titin Legas

Da farko kunna fitilun gargaɗi, a tura motar gefe kafin 'yan LASTMA, jami'an kula da zirga-zirgar motoci na Legas, su iso.

Ɗaura igiya mai ƙarfi a ƙugiyar ja, ba a bamba ba, don bamba ɓallewa za ta yi. Ƙulla jan ƙyalle a tsakiyar igiyar saboda masu babur da ke kutsawa tsakanin motoci.

Direban motar baya ya murɗa makulli sitiyari ya saki, ya sa giya a firi. Tunda inji a kashe yake, birki zai yi tauri sosai, sai ya taka da ƙarfi kuma da wuri, musamman a cunkoson Oshodi.

Na gaba ya tashi sannu har igiyar ta miƙe.

In motar otomatik ce, kira motar ɗauka kawai, jan nesa yana lalata giyarta.