Yadda ake ɗaukar hoto mai kyau daga saman dogon bene

Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ka zaɓi lokacin da zai kai ka sama kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana. Da haka za ka samu hasken yamma, da jan sararin almuru, da fitilun gari a hawa ɗaya. Amma duba hasashen yanayi tukuna, don hazo kan rufe gari ruf. Idan kunnenka ya toshe a cikin lif, haɗiye yawu, zai buɗe.

Dandalin kallo iri biyu ne. A ginin Empire State na birnin New York, hawa na 86 a buɗe yake, iska na kaɗawa sosai, shi kuwa na 102 gilashi ne ya kewaye shi.

Gilashin nan shi ne babbar matsala, domin fitilun ciki da kayan jikinka duk sai su fito a hoton. Kashe filasha. Goge wurin da ƙyalle, yatsun mutane sun bar maiƙo a kai, sannan ka manna bakin kyamarar ko wayar a jikin gilashin, ka kare gefensa da tafin hannu. Sa tufafi masu duhu, farar riga ta fi komai ɓata hoto.

Da duhu ya shiga, kyamara kan daɗe kafin ta tara haske, motsi kaɗan sai hoton ya yi dishi-dishi. Wurare da yawa sun hana shiga da maɗorin kyamara mai ƙafa uku, saboda haka ka dogara gwiwar hannunka a kan dakali, ka saita ta ɗauka bayan daƙiƙa 2, ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 800 ko 1600.