Yadda Za a Kwantar da Hankalin Yaro a Rabin Aji

Makon farko ne mai wuya. Uwa ko yayarsa ta kawo shi, ta ɗan zauna a bakin tabarma kamar minti 15, sannan ta yi masa sallama: "Zan dawo da azahar." Kada ta sulale. Yaron da aka yi wa haka yakan daina yarda, gobe kukan ya ninka.

Malama ta durƙusa daidai tsayinsa, ta kira shi da sunan da ake kiransa a gida. A bar masa ɗankwalin uwarsa ya riƙe, ƙanshinta na lallashinsa. Kunu a lokaci guda kullum, wurin zama guda.

Ban da bulala, ban da tsoratarwa da dodo. In ya yi fitsari a wando, a canza masa a keɓe, kada yara su yi masa dariya.