Kurakuran da aka fi yi wajen gane furen lili a lambun gida

Mutum zai sayi shuka a bakin titi, mai sayarwa ya ce masa "lili ce", shi ke nan. Amma sunan nan riga ce da ake sa wa tsirrai da dama waɗanda ko dangi ba su haɗa ba. Lili ta ainihi ita ce jinsin Lilium, kuma yawancin abin da ke lambunan Kano da Kaduna ba ita ba ce.

Babban kuskure shi ne dogaro da launin fure. Launi ba ya raba gardama, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke rabawa. A jira ganye ya fara rawaya, sannan a yaye ƙasa da hannu ta gefe ɗaya, ba sai an tumɓuke ba. Kan Lilium, wato dunƙulenta da ke cikin ƙasa, sala-sala yake, farare masu kauri, babu busasshen ɓawo. In aka ga kai dunƙulalle mai ɓawo irin na albasa, to Hippeastrum ce, wadda ke fure da rani, ko kuwa Crinum, albasar kwaɗi da muka sani a fadama. In babu kai sam, sai saiwoyi masu kumburi kamar yatsu, Hemerocallis ce, mai furen da ke kwana ɗaya ya yanƙwane.

Wanda bai son taɓa ƙasa ya duba kara. Ganyen Lilium a jikin kara yake jere tun daga ƙasa har sama. Hippeastrum kuwa ganyenta daga gindi yake fitowa, karan furenta tsirara ne, cikinsa rami. Sai a leƙa bayan furen: ɗan ƙullutu kore tsakanin fure da sandarsa alamar dangin Hippeastrum da Crinum ce. A Lilium ƙullutun yana ɓoye a cikin furen.

Wannan ba neman suna kawai ba ne. Kan Lilium ana binne shi zurfin ninki uku na tsayinsa, wajen santimita 15. Na Hippeastrum ana barin kashi ɗaya cikin uku a waje. A binne shi duka, a yi ta ba shi ruwa, sai ya ruɓe. Haka bayan fure ya kaɗe: a Hippeastrum ana yanke karan a bar ganye, amma wanda ya sare karan Lilium ya sare abincin baɗi, domin ganyen da ke ciyar da kan a jikinsa yake. Kuma yawancin Lilium na buƙatar makonni na sanyi kafin su sake fure, shi ya sa suke yi sau ɗaya a ƙasa mai zafi su yi shiru, mai lambu ya ɗora wa taki laifi.

Ko an tabbatar Lilium ce, kada a nace sai an samu sunan iri. Irin da aka haɗa aure sun kai dubbai. Rajistarsu da ƙungiyar masu lambu ta Ingila (RHS) ke riƙewa ta kasa su rukuni 9. Gane rukuni ya isa. 'Yan rukunin Asiya yawanci furensu na kallon sama, ba ƙamshi. Rukunin Oriyantal ƙamshi ne mai cika tsakar gida, ganye mai faɗi. Mai ruwan lemo da ɗigon baƙi, ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a hammatar ganye, Lilium lancifolium ce.

Manhajar waya mai gane tsirrai tana ruɗewa in hoton fuskar fure kaɗai aka ba ta. A ɗauki huɗu: gaba, gefe, kara da ganye, da shukar gaba ɗaya, a rubuta watan da ta yi fure.

A kula da wadda bakin ganyenta ke nannaɗewa yana kama abin hawa, furenta ja da rawaya ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Gloriosa ce, baurairai, kuma saiwarta guba ce mai kisa. Kada a bar ta inda yara ke wasa. Lilium da Hemerocallis su ma suna lalata ƙodar kyanwa, ko garin furen ta lasa a gashinta. In hakan ta faru, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.